Amsa ga mai son ya ɗan huta da zuwa wasan mawaƙa

Ƙanina na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana so ka ɗan dakata da zuwa shoo ɗin mawaƙa amma abokai sun sa ka a gaba wai ka zama ustaz ko kuma aljihu ne ya bushe, ko akwai wanda ya taɓa dainawa? To ni na taɓa, shekara ɗaya da 'yan watanni ban leƙa ko ɗaya ba.

Lokacin ina Poly a Bauchi, a Gwallameji nake zaune, kuma wallahi in dai an manna fosta a Wunti to da ni za a yi, ƙaramar sallah babbar sallah, har Gombe da Jos mun sha bin mota. Kuma ba wa'azi ne ya tsayar da ni ba, kunne ne. Babbar sallar 2023 na je na tsaya dab da sifika wai ni mai ɗaukar bidiyo, na dawo gida kunnen hagu yana ta ziiii kamar rediyon da ya ɓata tasha, na ce zuwa safe zai sake ni, ina! sai da ya kwana huɗu. Likitan da na gani ya ce ƙara in ta wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) aka daɗe a cikinta tana cin kunne, wajen shoo kuwa takan haura 100, kuma 'yan ƙananan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wannan maganar ce ta shige ni, don kawuna kurma ne, na san yadda ake masa ihu a gida.

Ga kuma kuɗi, a watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, ka sayi tikiti, ka sayi ruwa da tsada, ƙarfe ɗayan dare mai keke ya yanka maka kuɗin da ya ga dama. A fosta an rubuta ƙarfe 4, kai ta kallon yara masu tasowa har sha ɗaya ta wuce sannan ogan ya hau, a sa masa waƙarsa a sifika shi yana bin baki yana cewa ku ɗaga hannu, kai kuma hannu ɗaya na kan aljihu saboda masu fizgen waya. Asuba kuwa kar ma a yi maganarta.

Ba zan ɓoye maka ba, sallar farko ta yi min wuya. Ina kwance ina ganin status ɗin abokaina a WhatsApp kamar in tashi in bi su. Sai daga baya na gane ba waƙar nake kewa ba, ai tana wayata, taron nake kewa da shaƙiyancin hanya. Sai na riƙa haɗuwa da su wajen mai tsire kafin su wuce, mu ci mu yi dariya su tafi ni in koma gida, ranar hawan Daushe kuma in je ƙofar fada in sha algaita da kakaki kyauta. Tsokanar ustaz ɗin bata kai wata biyu ba suka gaji, ɗaya ma ya dawo layina.

Abu ɗaya dai, kar ka rantse ka ce har abada, ka ce musu sai bayan sallah mai zuwa kawai, in ka rantse ranar da ka koma su za su fara yi maka dariya ga kaffara a wuyanka. Ni yanzu nakan je jefi-jefi, in tsaya can baya nesa da sifika da abin toshe kunne na soso da na saya a kemis. In kai ma kunnenka yana wannan ƙarar bayan shoo har ya kwana biyu, ka je sashen kunne na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi su duba ka, kar ka ɗiga masa man zaitun yadda na fara yi.