Amsoshin Tambayoyinku: Kesh, Manhajar "Gyara Waya" da Sauran Hanyoyin Asarar Kuɗi

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa Tecno ɗinta mai 32GB kullum tana kukan ta cika, ƙaninta ya ce ta shiga WhatsApp ta danna Clear data, ita kuma tana tsoron hirarrakinta da saƙonnin bikin 'yarta su tafi.

Hajiya kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika tambaya kafin ki danna. Maɓallai biyu ne a wurin, kusa da juna. Clear cache shi yake goge kesh, wato kwafin hotuna da ƙananan fayilolin da manhaja ta ajiye kusa da hannu dan kar ta riƙa komawa intanet duk lokacin da kika buɗe ta, kamar dai ruwan randa ne, ba sai an je famfo duk sanda za a sha ba. Wannan in kin goge ba abin da zai same ki. Shi kuwa Clear data fitar da ke zai yi daga asusunki gaba ɗaya, kuma in ba ki da ajiya a Google Drive saƙonninki suna iya salwanta. Kar ki taɓa shi. Abin da ya cika miki waya ma ba kesh ba ne, bidiyoyin guruf ɗin dangi da na Islamiyya ne. Ki shiga saitin WhatsApp wurin Manage storage, zai nuna miki duk fayil ɗin da ya wuce 5MB da waɗanda aka yi ta turawa, ki zaɓa ki goge, sannan ki kashe sauke bidiyo kai tsaye.

Wani matashi daga Gusau yana tambaya wace manhajar goge kesh ce ta fi kyau, wai ya ga wata ana biyan kuɗi duk wata tana ƙara wa waya gudu.

Babu ko ɗaya ɗan'uwa, kuma dan Allah ka bar kuɗinka a aljihu. Wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, kusan duk wayar da aka miƙo min a duba sai na tarar da irin waɗannan manhajoji biyu ko uku, mai tsintsiya, mai roka, mai nuna jan launi wai wayarka ta yi zafi tana cikin haɗari. Tsaya ka yi tunani mana. An ƙirƙiri kesh ne dan ya rage maka cin data ya kuma sa abu ya buɗe da sauri, to kai kullum da safe ka sa manhaja ta share shi, Facebook da Chrome da TikTok su koma su sake sauke abin da suka riga suka sauke jiya, da datar da ka saya da guminka, sannan ka zo kana cewa kamfanin layi na sace maka data. Haka batun rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage, Android da kanta take tafiyar da wannan, in ka kashe su da ƙarfi sai sun sake tashi daga farko, batir ya ƙara ƙonewa. Su masu manhajar talla suke sayarwa, kai ne kayan kasuwar. A 2020 Google ta cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da ke addabar mutane, cikinsu har da na kamfanin Cheetah Mobile masu Clean Master, wadda a lokacin da wuya ka ga wayar da babu ita. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne izinin da wasunsu ke nema, me ya haɗa sharar waya da karanta tes ɗinka, inda lambobin sirrin banki ke shigowa? Mutum ya danna amincewa ko karantawa bai yi ba. In wuri ya ƙure maka, Files by Google kyauta ce kuma tana yin aikin, ko ka shiga saitin waya ka goge kesh na manhajar da ta kumbura ita kaɗai, sau ɗaya a wata ma ya isa.

Kuma kar ka ce bari in sayi memori mai arha in huta. Wanda aka rubuta 128GB ake sayar da shi kuɗin 16GB, yawanci an yi masa dabara ne ya riƙa nuna girman da ba shi da shi, yana cika sai hotuna su fara lalacewa. A gwada shi a kwamfuta da manhajar gwajin memori mai suna H2testw kafin ka zuba komai.

Wani mai sayar da turare da atamfa a Kano ya ce shafinsa na intanet da aka gina da WordPress yana jan ƙafa, wani ya ce zai saka masa WP Rocket, wato manhajar kesh mai ƙara wa shafi sauri, a kan kuɗi kaɗan.

Alhaji, WP Rocket na kuɗi ne kuma lasisinsa na shekara-shekara ne daga kamfaninsu, wanda ake tallatawa a araha ta WhatsApp galibi fasasshe ne, ba ya samun sabuntawa kuma ana cusa masa muguwar manhaja a ɓoye. Shafin da kwastoma ke saka bayanansu ba wurin wannan kasadar ba ne. WP Super Cache kyauta ne, in kuma sabar da kake haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, ta LiteSpeed ce ka sa LiteSpeed Cache, shi ma kyauta. Guda ɗaya fa, in ka haɗa biyu faɗa za su yi. Ka ƙara da tsarin Cloudflare na kyauta, masu ajiye kwafin shafi kusa da masu buɗe shi, suna da saba a Legas, hotunanka ba sai sun taso daga Turai ko Amurka kowane lokaci ba. Amma ka tabbatar an ware shafin kwando da na biyan kuɗi daga kesh, kar wani ya buɗe ya ga kayan wani, kuma duk sanda ka canja farashi ka share kesh ɗin in ba haka ba kwastoma ya riƙa ganin tsohon farashi ku yi ta rigima. Kafin duk wannan ma ka rage girman hotuna, hoton atamfa mai 5MB kai tsaye daga kyamara ba dabarar da za ta sa ya buɗe da wuri.

Wata ɗaliba daga Katsina: laftof biyu 'yan gwanjo, ɗaya farosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai kesh 6MB ɗaya 8MB, wanne?

Ƙanwata, a rubutun furojet ba za ki ga bambanci ba. Ɗauki mai SSD (ma'ajiya mai sauri) da RAM 8GB, ki duba batir da kibod kafin ki biya.

Sai wani da bai faɗi garinsu ba, wai in ya goge kesh datar da ya ƙona za ta dawo?

Haba malam. Ba za ta dawo ba, wata ma za ka ƙara ƙonawa.