Barewa, Albasa da Ɗan Wabi: Abin da Hausa Ta Faɗa Kan Gadon Jini

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan karon duk sun karkata ga jini da gado, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya ta farko daga wani malamin sakandare ce a Funtuwa: "Malam, Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ɗalibaina sun ce maganganun biyu suna karo da juna. Wacce za mu ɗauka?"

Malam, ka ɗauki duka biyun. Amma mu fara da kalmar gado kanta, domin rubutun boko yana ɓoye bambancinta da gadon kwanciya. Na kwanciya "ga" ɗinsa gajere ne, murya a sama har ƙarshe. Na magada kuwa ana jan "ga", sannan murya ta faɗo a "do". Aikatau ɗinsa "gada", kuma d ɗin kan rikiɗe ya koma j a gaban i ko e: abin da ya gada, ya gaji ubansa, ya gaje shi. Daga nan Magaji da Magajiya suka fito. Da wannan kalma guda Bahaushe ya kira gona da sarauta da sana'a da kamannin fuska, har da ciwo.

Maganar barewa ta ga abin da kowa ke gani, wato ɗa yana ɗauko iyayensa. Ta albasa ta ga ɗaya ɓangaren, inda abu ke fitowa daga tushen da bai yi kama da shi ba. Wanda ya fara bayyana yadda biyun ke zama tare shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno na ƙasar Cek ta yau, wanda ya gabatar da bincikensa kan wake a 1865. Ya lura wata siffa kan ɓace a 'ya'ya, sai ta dawo a jikoki, kusan 1 cikin kowane 4. Yau mun san dalili. Kowane mutum yana da zaren gado 46 a ƙwayoyin jikinsa, waɗanda ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wata siffar da zarar ta zo ta gefe guda sai ta bayyana. Wata kuwa sai ta zo ta gefe biyu, in ba haka ba tana nan kwance, ana miƙa ta daga kaka zuwa jika ba wanda ya sani. Haka zabiya ke fitowa daga iyaye baƙaƙe wuluk: uwa na ɗauke da ƙwayar gadon wannan siffa, uba ma na ɗauke da ita.

Sai dai ka faɗa wa ɗalibanka cewa maganar albasa ta tarbiyya ce, ana yin ta ga ɗan mutanen kirki da ya lalace. Ba na son in ji an jefa ta ga yaro don launin fatarsa ko don ciwonsa. "Kyan ɗa ya gaji ubansa" ma zancen sana'a ce da mutunci. A ginin jiki, rabon uwa bai gaza na uba ba.

Wata 'yar'uwa daga Zangon Kumasi ta ce: "Mu nan sikila muke ji a asibiti, amma kakata amosanin jini take cewa. Wanne ne Hausa, kuma ciwo ɗaya ne?"

Ciwo ɗaya ne, 'yar'uwa, kuma duka biyun sun zama Hausa. Amosani tsohuwar kalma ce. Muna da amosanin gaɓɓai, wato ciwon gwiwa da ƙugu da kan tashi lokacin sanyi, muna da amosanin kai, wato farin ƙaiƙayin nan na fatar kai. Abin da ya haɗa su shi ne naci: ciwo ne mai lafawa ya dawo. Wanda ya raɗa "amosanin jini" ya kama gaskiya biyu, cewa zafin a ƙashi da gaɓa ake jin sa, amma tushensa a jini yake. Maƙwabtanku ma sun san shi tun kafin zuwan likitan boko. Farfesa Felix Konotey-Ahulu, likita ɗan Gana, ya tattara sunayensa: Ga suna cewa chwechweechwe, Fante nwiiwii, Ewe nuidudui, kuma ya bi sawun ciwon a cikin danginsa har zuwa 1670.

Sikila kuwa aro ce daga kalmar Turanci mai nufin lauje. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da labarin jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada, wanda jajayen ƙwayoyinsa suka lanƙwashe suka yi siffar lauje. Lafiyayyar ƙwaya zagayayya ce mai taushi kamar 'yar ƙaramar waina, tana ratsa siraran jijiyoyi, tana rayuwa kwana 120. Lanƙwasasshiyar takan sandare ta toshe hanya, shi ne zafin nan da ke sa babba kuka, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ne ƙarancin jini da shawarar ido. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin wurin: cikin jerin sinadarai 146, na 6 kaɗai ya sauya. Duk wahalar nan daga gurbi guda take.

Me ya sa ya yawaita a wajenmu? Anthony Allison ya amsa wannan a 1954 bayan bincikensa a Gabashin Afirka. Mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila (S) ta gefe guda, da lafiyayyar (A) ta ɗaya gefen, wato AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana yaro. Inda sauro ya yi yawa sai masu AS suka rayu suka hayayyafa. Ku a Gana akwai ƙari, domin nau'in C, wani sauyi na daban a himogulobin, ya yawaita a arewacin ƙasar da Barkina Faso, kuma wanda ya haɗa S da C shi ma yana da ciwon, ko da yake sau da yawa ya fi na SS, wato mai S ta gefe biyu, sauƙi.

Roƙona ɗaya. Ku ce "mai ciwon sikila", kada ku ce "wancan sikilan". Na farko mutum ne da lalura, na biyu an shafe sunansa an maye da ciwo.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ta zo daga wata baiwar Allah a Damagaram: "Malam, mene ne asalin kalmar wabi? 'Ya'yana uku sun rasu suna ƙanana, dangin mijina suna kirana mai wabi."

'Yata, Allah Ya jiƙan su, Ya ba ki haƙuri, Ya sa masu ceto ne. Wabi a asali zubar 'ya'yan itace ne tun ba su nuna ba. Sai a ce mangwaro ya yi wabi bana. Daga nan aka ɗauko ta ga macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A al'adar da, ana ganin yaro guda ne ke zuwa yana komawa, shi ne ɗan wabi. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi da Abarta daga nan suka samo asali: wasu na nuna kamar ba a damu da yaron ba don mutuwa ta kau da kai, wasu roƙo ne kai tsaye. Duk wanda ya san ma'anarsu ya san irin zafin da ya haife su.

Amma ki dubi yadda kalmar ta rataya abin a wuyan mace. Itacen ne ya yi wabi, uwar ce mai wabi, ba a taɓa jin namiji mai wabi ba. Ilimin gado ya rushe wannan. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba. Idan iyaye biyu AS ne, dukansu lafiyayyu, to a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaro ya zo SS, 2 cikin 4 ya zo AS, 1 cikin 4 ya zo AA. Nan mutane ke kuskure, su ɗauka in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Kowane ciki lissafinsa daban. Gida ɗaya a jera uku masu ciwon, wani gidan a haifi shida ba ko ɗaya.

Yanayin ciwon ma ya dace da labaran da tsofaffi ke bayarwa. Jariri mai SS yakan zo ɓul-ɓul, domin himogulobin ɗin da ya yi amfani da shi a ciki na daban ne, ba ya lanƙwasa ƙwaya. Sai wajen wata 6, da wancan ya ja baya, a fara ganin kumburin hannu da ƙafa, da zazzaɓi, da saifa. Masu bincike sun kiyasta cewa inda babu kulawar asibiti, rabin irin waɗannan yara ko fiye ba sa kai shekara 5.

Ba na ce kowane wabi sikila ba ne, kuma ni ba likitanki ba ne. Zazzaɓin sauro da ƙyanda da gudawa da ciwon cibiya sun kwashe yara masu yawa. Akwai kuma matsalar Resus: uwa mai jini nagetif, uba mai fozitif, ɗan fari ya tsira, na baya su riƙa zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Tun ƙarshen shekarun 1960 akwai allurar da ke hana wannan, ana yi wa uwa cikin awa 72 da haihuwa. Ki nemi mijinki ku je asibiti tare, a gwada ku ku biyu. Ki jaddada "ku biyu" ɗin nan.

Wani saurayi daga Kano ya tambaya: "An fasa aurena an ce jininmu bai haɗu ba, alhali muna son juna. Ni O ne, ita ma O. Ina rashin haɗuwar?"

Ɗana, Allah Ya zaɓa maka mafi alheri. Magana biyu aka cakuɗa maka. A Hausa ta gado, haɗuwar jini shaƙuwa ce: jinina ya haɗu da nasa. Haka farin jini da baƙin jini, duk zancen ƙauna ne da ƙi. Ma'anar asibiti sabuwa ce, kuma a can ma gwaji biyu ne. Rukunin jini, wato A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901, shi ake dubawa wajen ƙarin jini. Jinotaif kuwa, wato AA da AS da SS da AC da SC, shi ke faɗin abin da 'ya'ya za su iya gada. Kana iya zama O kuma AS. Mai yiwuwa abin da aka gani ke nan a takardunku, ka koma ka duba.

Abin ba ƙarami ba ne a ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 masu ciwon a Najeriya duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da jinotaif. Ra'ayina shi ne a yi gwajin tun ana makaranta, kafin zukata su ƙullu, ba sai an kai lefe ba. A kuma yi shi a ɗakin gwaji amintacce, domin wanda aka ƙara wa jini cikin watanni 3 da suka wuce sakamakonsa na iya ruɗarwa.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Maraɗi: "An ce hali zanen dutse. Ciwon gado ma haka yake, ba ya kankaruwa?"

Malama, karin maganar ta ɗabi'a ce, amma na gane inda kika dosa. Shekaru da dama dashen ɓargo kaɗai ke warkar da sikila, shi ma sai an sami ɗan'uwa da jikinsu ya dace. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da wani sabon magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su da Kirisfa, dabarar gyaran ƙwayoyin gado, wadda ta sa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka ci kyautar Nobel a 2020, sannan a mayar masa. Gyaran yana farkar da himogulobin ɗin nan na jarirai da na ambata. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, kuma wanda aka yi wa har yanzu yana iya miƙa S ga 'ya'yansa.

Abin da ke kusa da hannunmu shi ne gwada jarirai da wuri, allurar rigakafi, fenisilin ga ƙanana, gidan sauro, yawan shan ruwa, da ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ita ma himogulobin ɗin jarirai take ƙarawa. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana taimakawa wajen kare yaran da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Likita ne ke tsara awon gwargwadon nauyin yaro, tare da duba jininsa lokaci-lokaci.