Ƙanina mai ciwon DiGeorge ya fara magana shi kaɗai, iska ce?

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ƙaninki an tabbatar yana da DiGeorge tun yana ƙarami, yanzu shekararsa 17 ya daina barci, yana kulle kansa a ɗaki yana magana shi kaɗai, gida kuma ana cewa iska ce.

Gaskiya akwai alaƙa sosai da ciwon nasa. Shi DiGeorge wani ɗan guntu ne yake ɓacewa a kromosom na 22, wato ɗaya daga cikin abubuwan da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar gado, tun yaro yana ciki, shi ya sa wasu ake haifarsu da matsalar zuciya ko tsagewar ganɗa, to amma abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne yana taɓa ƙwaƙwalwa ma, kusan mutum 1 cikin 4 masu shi suna kamuwa da sikizofireniya, wato wani nau'in taɓin hankali da kan sa mutum ji ko ganin abin da babu, in sun girma, kuma galibi a irin shekarun nan nasa take somawa. Fargaba da yawan damuwa ma suna addabarsu.

Don Allah kar ku jira, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, in kuna Kano akwai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na Barnawa. Ki tafi da tsofaffin takardunsa ki faɗi sunan ciwon ƙarara, sannan ki roƙa a auna kalsiyam ɗin jininsa, don masu wannan ciwon yana yawan yi musu ƙasa, hakan kaɗai yana kawo rikicewa har da farfaɗiya, kuma likita zai yi la'akari da shi wajen zaɓen magani.

Addu'a ku ci gaba da yi, amma a bar ɗaure shi ko yi masa tsawa, shi ma a tsorace yake wallahi. In ya ambaci yi wa kansa lahani kuwa, ranar za ku tafi asibiti.