Tsoma, tsame, dangwala: yadda za a faɗi cin huoguo da Hausa

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ƙasar Sin. Suna da wani abinci, huoguo, wanda ake ɗora tukunya a kan wuta a tsakiyar tebur, kowa yana dafa nasa. Na ga wasu suna rubuta "tukunya mai zafi". Daidai ne? Kuma ruwan cikinta miya ce ko romo?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan fassarar ba ta gamsar ba, domin duk tukunyar da ke kan murhu zafi gare ta. A harshensu *huo* wuta ce, *guo* kuma tukunya, saboda haka "tukunyar wuta" ta fi kusa. Amma in so kake Bahaushe ya gane nan take, kira shi da aikinsa: tsoma-ka-tsame. Mun san salon daga ɗanwake, a jefa a tafasasshen ruwa, ya taso, a tsame.

Ruwan kuwa romo ne. Miya kaɗa ta ake yi, da kuka ko kuɓewa ko gyaɗa, a ci tuwo da ita. Romo shi ne ruwan da nama ko ƙashi ya dahu a cikinsa, shi ya sa ake cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Sai dai na birnin Chongqing ba na sha ba ne: kitsen shanu ne da busasshen barkono da ƙwayar huajiao mai kashe leɓe na ɗan lokaci. Wanda bai jure yaji ba ya nemi tukunyar yuanyang, mai gida biyu, ɗaya ja ɗaya fari.

Kalmomin aikin uku ne, kada a cakuɗa su. Tsomawa sa abu ne cikin ruwa, tsamewa fitar da shi, dangwala kuwa taɓa ɗan abin haɗi da lomar, wanda a Chongqing man riɗi ne da tafarnuwa. A jira romo ya ɓararraka, ba tafasar gefe-gefe ba. Yankan nama mai fele-fele daƙiƙa 10 zuwa 20 ya ishe shi, da zarar jan ya ɓace. Tumbi kamar daƙiƙa 15, ana tsomawa ana ɗagawa; in ya wuce haka sai ya yi tauri ya ƙi taunuwa. Dankali a fara jefa shi don yana jan lokaci, taliya a bar ta ƙarshe don tana sa romo kauri ya kama gindin tukunya. Tsinken cin abincin da ya taɓa ɗanyen nama kada ya je baki. Musulmi kuma ya duba alamar *qingzhen*, wato halal, domin romon wasu gidajen na ƙashin alade ne.

Tambaya: Malam, in mun je cin huoguo ƙawata ba ta bari a sa hannu sai ta ɗauki hoto. Na ce mata da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ta ce gani ya kori ji. Wa ya yi daidai?

Amsa: 'Yar'uwa, naki ya fi dacewa. Gani ya kori ji magana ce ta shaida, a kan abin da aka ji labarinsa har ido ya tabbatar. Hoto yana iya shaida cewa an je wurin, ɗanɗano kuwa sai harshe. Naki na nufin a yi abu kafin lokacinsa ya wuce, kuma naman da aka tsame nan da nan kitsensa ke daskarewa.

Ta ɗauki hotonta kafin romo ya tafasa, lokacin da farantan ke jere ba a taɓa ba. Da ya tafasa, tururi zai lulluɓe gilashin kyamara, hoton ya fito dishi-dishi. Tururi ne sunansa ba hayaƙi ba, tunda daga ruwa yake tashi. In dole sai da tafasar, ta ɗauka daga gefe, kada ta riƙe wayar a saman tukunya.