Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan kuɗin gwamnati da binciken nano

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kana shekarar ƙarshe ta lisans a fannin fizik nan Yamai, ka ji a labarai Amurka da Turai suna zuba kuɗi maƙudai a binciken ƙera abubuwa ƴan mitsi-mitsi, na mikro da na nano. Kana so ka san me ya kai gwamnati cikin harkar da kamfanoni ne za su ci ribarta, kuma ko mu a Nijar akwai abin da hukuma za ta iya, ko dai ka sake fanni tun da wuri. Na ga wasu sun ce maka, mu da kuran ma ke gagararmu, ina mu ina nano. Batun kuran gaskiya suka faɗa, amma maganar ba ta ƙare nan ba.

Bari mu daidaita awon tukuna. In ka raba mita ɗaya gida miliyan, kowane kaso mikron ne. In ka sake raba mikron gida dubu, ka samu nanomita. Kaurin gashin kai yana tsakanin mikron 50 zuwa 100. Kuma kayan da ake ƙerawa a wannan awon sun riga sun iso mu. Jan layin nan da ke fitowa a kan ɗan gwajin zazzaɓin cizon sauro a likita, yawanci ƙwayoyin zinariya ne masu girman nanomita kamar 40 suka taru a wurin. Idan ka karkata wayarka hoto ya juya, wani ɗan nauyi ne da aka sassaƙa cikin silikon, rataye da ƙananan sifirin, ya motsa. Muna saye, muna amfani, ƙerawa ce ba mu yi.

Ni Allah Ya sa na yi karatun gaba da lisans a Grenoble ta Faransa, na kuma yi aiki a ɗakin da ake wannan sana'a, wanda ake hana ƙura shiga. Kafin ka shiga sai ka rufe gashi, ka rufe baki da gemu, ka sa riga mai haɗe da wando, da takalmi a kan takalmi, da safar hannu. Ba a shiga da fensir ko takardar da muka saba, domin suna zubar da ɓurɓushi. Mata ba sa shiga da hoda. Iska tana saukowa daga rufi ta cikin matatai dare da rana, ko akwai mutum ko babu. Sashen da ake buga zane kuwa fitilunsa ruwan ɗorawa ne, don farin haske yana ɓata maganin da ake shafa wa faifan silikon. Za ka ɗiga maganin a tsakiyar faifai, inji ya juya shi da gudu har ya baje siriri, ka ɗora gilashi mai zanen da kake so, ka haska, ka wanke, sannan a cinye inda ya buɗe da sinadari ko da iskar gas. Ana maimaita wannan hawa bisa hawa, makonni ana abu ɗaya. Ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka inda bai kamata ba, wannan cip ɗin, wato ɗan guntun silikon mai da'irorin lantarki irin na cikin waya, ya tashi aiki.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda muke bin layin injin tare da su. Ga mu ɗalibai, ga injiniyoyin babban kamfani, ga wasu samari da kamfaninsu bai cika mutum biyar ba. Kowa yana rubuta sunansa a jadawali, ya kama awowinsa, a caje shi gwargwadon abin da ya yi amfani. Ginin da injinan da albashin masu kula da su, mafi yawansu kuɗin hukuma ne ya kafa su. Kamar injin niƙa ne a unguwa: babu gidan da zai saya don tuwonsa shi kaɗai, amma in babu shi kowa zai koma turmi. Bambancin kawai shi ne wannan injin tsadarsa ta fi ƙarfin kowane ɗan kasuwa guda, kuma ba ya mayar da kuɗinsa da wuri.

Ka ɗauki injin da kamfanin ASML na ƙasar Holan yake ƙerawa, mai buga zane da haske mai tsawon zango nanomita 13.5. Guda ɗaya ya haura dala miliyan 150, kuma an shafe sama da shekara 20 ana bincike kafin ya shiga masana'anta. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jari ya jira shekara 20? Ga kuma wata matsalar: wanda ya fara biyan kuɗin binciken ba ya iya kulle ilimin a aljihunsa. Injiniyan da ya horar gobe zai koma wani kamfani, ko ya buɗe nasa. Ƙasa ba ta yi asara ba, kamfanin ne ya yi. Shi ya sa wannan zangon, tsakanin abin da ya yi aiki a labo da abin da za a iya ƙera miliyan ɗinsa iri ɗaya, kusan ko'ina gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa.

Japan ta haɗa manyan kamfanoninta a 1976 suka yi binciken cip tare, da kuɗin hukuma a ciki. Da Amurka ta ga ana neman ƙwace mata kasuwa, sai ta kafa SEMATECH a 1987, haɗin gwiwar bincike na kamfanonin cip 14, ma'aikatar tsaro tana ba da kimanin dala miliyan 100 a shekara. A Beljiyam gwamnatin yankin Flanders ta kafa cibiyar binciken cip ta IMEC a 1984. Cibiyar Leti ta Grenoble tun 1967 take, daga cikinta kamfanin Soitec mai ƙera faifan silikon ya fito a 1992. Shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya sanar da shirin nano na ƙasarsa a 2000. Waɗanda ka ji a labarai su ne dokar tallafa wa cip ta Amurka ta 2022, wajen dala miliyar 52, da ta Tarayyar Turai ta 2023 mai burin tara yuro miliyar 43.

Amma wanda nake so ka natsu a kansa shi ne Taiwan, domin su ma ba da arziki suka fara ba. A 1973 gwamnatinsu ta kafa cibiyar binciken masana'antu, ITRI. A 1976 cibiyar ta sayi fasaha daga kamfanin RCA na Amurka, ta tura matasan injiniyoyi can suka koyi aikin da hannunsu. Fasahar da suka saya ba ita ce ta ƙarshe a lokacin ba, kuma da cip na agogon hannu suka fara. Sun dawo suka kafa ƴar masana'antar gwaji a cikin cibiyar, suka yi ta gyara har kayan da ke fita lafiya suka yi yawa. A 1980 aka yaye kamfanin cip na UMC daga cibiyar, a 1987 aka kafa TSMC, babban kamfanin da ke ƙera wa wasu kamfanoni cip, ƙarƙashin Morris Chang, gwamnati ta zuba kusan rabin jarin, Philips ya sa sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Lissafa ka gani: shekara 14 daga kafa cibiya zuwa TSMC, ministoci suna sauyawa, kuɗin bai yanke ba. Ni a ganina wannan rashin yankewar ta fi yawan kuɗin muhimmanci.

Kada kuma ka ɗauka duk inda gwamnati ta sa hannu sai an ci nasara. Jamus ta yi alkawarin kusan yuro miliyar 10 don kamfanin Intel ya gina masana'antar cip a garin Magdeburg, aka ɗage aikin a 2024, aka soke shi a 2025. Tallafa wa bincike daban, lallashin babban kamfani da kuɗi ya zo ya yi gini daban. Na biyun caca ce ta masu hannu da shuni, ba tamu ba ce.

Mu dawo gida. Yaran yanzu da yawa suna shiga jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni Dioffo ba su san aikinsa ba. Ɗan Tasawa ne, masanin fizik, ya jagoranci ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda aka kafa a 1965. A nan Yamai aka yi bincike, kuma aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da na tace ruwa masu aiki da rana. Wato binciken masana'antu da kuɗin hukuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, mun fara shi tun kafin Taiwan ta kafa ITRI. Riƙewa ce ta gagara.

Abin da na gani da idona bayan na dawo shi ne ciwon. A wani labo, ba sai na kama suna ba, na tarar da mikroskof mai aiki da lantarki, irin wanda ke nuna abu a awon nano, lulluɓe da leda, ƙurar hunturu ta yi masa rawani. Kyauta aka kawo shi, aka yanka kyalle, aka ɗauki hotuna. Me ya kashe shi? Ɗan zaren tungsten da ke fitar da lantarkin, wanda dama ƙonewa yake bayan wasu awowi na aiki, ya ƙare babu na canji. Famfon da ke zuƙe iska yana son mai na musamman, babu. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, kuran yana hawa da sauka babu abin daidaita shi. Wanda aka tura ya koyi sarrafa injin kwantiraginsa ya ƙare, ya samu aiki wani wuri. In ka haɗa kuɗin waɗannan duka, ba su kai na tayoyin motocin ofis na shekara ba. Sai dai kasafi ya san layin sayen kaya, bai san layin ciyar da inji ba.

Don haka in an tambaye ni abin da hukuma za ta yi, ba zan ce ta gina masana'antar cip ba. Wanda ya ce maka haka zai yiwu yanzu yana yi maka daɗin baki ne. Zan ce a yi labo ɗaya tak na ƙasa na auna kaya da duba su, mai kuran ɗinsa na rana da batura, mai kasafin aiki duk shekara, da masu kula da inji waɗanda aka ɗauka aiki na dindindin da albashin da zai riƙe su. Malamin Tawa da na Maraɗi da na Damagaram su aiko samfur, masana'antar siminti ko mai sarrafa magani ya biya ya yi gwaji. Kayan canji kuma kada su yi wata da watanni a duwan. Afirka ta Kudu haka ta bi: ta fitar da tsarin nano na ƙasa a 2005, ta buɗe cibiyoyi biyu a 2007, a hukumomin bincike na Mintek da CSIR, ta karkata su ga ruwa da lafiya da ma'adinai. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu ga bincike, alkawarin yana nan a takarda.

Aikin yi kuwa ba sai an nemo ba. Ga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorubanda mai megawat 30 tun 2023. Ƙura tana kwanciya a gilashin fanon ta rage masa ƙarfi, wankewa kuma ruwa take ci. Kamfanonin waje suna sayar da shafe-shafe sirara da suke cewa suna hana ƙura mannewa, amma wa ya gwada su a ƙurar Adar da zafin watan Afrilu? Wannan binciken nano ne, kuma a wurinmu ya fi dacewa a yi shi. Haka batun sinadarin fulor a ruwan sha, wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri: neman abin tacewa mai araha daga yumɓu ko gawayin ƙashi aiki ne na masanin ƙananan ramuka da fuskar abu.

Akwai kuma ƙofar da ba ta buƙatar ɗakin hana ƙura ko kaɗan, wato zana cip. Tun 1981 Amurka da Faransa suka kafa tsarin da jami'o'i ke tura zanensu a haɗa su a faifai ɗaya a raba kuɗin ƙerawa. A 2020 Google da SkyWater suka buɗe ƙa'idojin fasahar nanomita 130 kyauta ga kowa. Kwamfuta mai ɗan ƙarfi da intanet da malami mai haƙuri sun isa a fara.

To kai, ƙanena, kada ka sake fanni. Ka riƙe fizik ɗin daskararrun abubuwa da kyau, ka ƙara da ilimin lantarki da rubuta manhaja, ka dage da Ingilishi domin takardun injinan nan kusan duk da shi suke. In Allah Ya ba ka tallafin karatu waje, kada sunan jami'a ya ruɗe ka. Ka rubuta wa ɗaliban da ke labon ka tambaye su ko ɗan mastar yana taɓa inji da hannunsa, ko miƙa samfur kawai yake a kawo masa sakamako. In ka samu shiga, ranar da mai gyara ya zo ya buɗe cikin injin, ka ajiye duk abin da kake yi ka tsaya kusa da shi da littafinka, ka rubuta har lambar man famfo da inda ake sayensa.