Amsa ga Kawu kan kuɗin nakasa a Amurka

Kawu, barka da war haka. Ka tambaye ni yadda aka yi mutum biyu cikin 'yan'uwanmu na Bronx, a birnin New York, suka kwanta da ciwon baya iri ɗaya, aka yanka wa ɗaya kuɗin wata, aka hana ɗayan.

Hukumar Social Security, wadda ke biyan kuɗin, ba ciwo kaɗai take dubawa ba. Kuɗin nakasa da ake kira SSDI kamar adashi yake, sai wanda ya zuba yake kwasa. Mai aiki yana biyan haraji yana tara maki, huɗu ne iyaka a shekara, kuma a 2025 kowane maki sai da albashin dala 1,810. Wanda ya kai shekara 31, galibi ana son maki 20 cikin shekaru 10 kafin ciwon ya kayar da shi. To nan ne mutanenmu suke shan wahala, abin yana ci mini rai. Mai kitso ko mai dako a shago, ana danƙa masa kuɗinsa a hannu daren Asabar, ya aika gida, bai taɓa cike takardar haraji ba. Ya yi shekara ashirin yana zufa, amma a wurin hukuma bai yi aikin kwana ɗaya ba.

Sai shekaru. Ɗan ƙasa da 50 ana ɗauka zai iya koyon aikin zaune. Daga 50 ake fara sassautawa, a 55 a ƙara.

Ilimi kuma, yawansa na iya zama sanadin hana mutum, don za a ce mai digiri ba zai rasa aikin ofis ba, ko da a Zariya ya yi karatun. A da rashin jin Turanci yana taimakon dattawanmu, amma an soke wannan a 2020. Yanzu jahilin da ake sassauta wa a wurinsu shi ne wanda bai iya karanta ko rubuta ɗan gajeren saƙo da kowane harshe ba, ka ga mai ajami bai shiga ciki ba. Tun 2024 kuma, aikin shekaru 5 na baya kawai ake dubawa maimakon 15, a ga ko mutum zai iya komawa kansa.

Shi ya sa duk baƙon da ya sauka, dattawa ke zaunar da shi bayan sallar Juma'a su ce ya riƙa cike takardar harajinsa kowace shekara. Don Allah Kawu, in ɗanka ya bugo waya ka nanata masa, ya fi jin maganarka a kan tawa.