Canji da canza: yadda kalma ɗaya ta rabu biyu

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, a Turanci change suna ce kuma aikatau ce, ba a taɓa mata komai. Me ya sa mu muke da canji da canza? Kuma canza ne daidai ko canja?"

To ɗana, Bature yana iya ɗaukar kalma ɗaya ya sa ta aiki biyu, matsayinta a jimla ne ke nuna wanne take yi. Hausa ba ta cika yarda da haka ba. Idan muka ari irin wannan kalma, galibi a matsayin suna take shigowa, sai mu jingina ta da "yi": a yi fenti, a yi caji, a yi canji.

Daga baya harshe ya ƙera mata aikatau, kuma a nan abin sha'awar yake. A Hausa, z kan koma j in ta haɗu da i ko e. Kaza ɗaya, kaji da yawa. Kare ya ciji yaro, amma aikatau ɗin ciza ne. Da kunnen Bahaushe ya ji canji, sai ya ɗauka j ɗin nan ma z ce ta rikiɗe, ya mayar da ita "gida", ya ce canza. Alhali a Turancin babu z ko ɗaya! Haka caji ya haifi caza, shi ya sa ake cewa tambaya ta caza wa mutum ƙwaƙwalwa.

Canja kuwa ta masu barin j ɗin ce yadda suka same ta. Ba kuskure ba ce, tana bakin mutane da yawa. Ni dai a rubutu canza nake zaɓa, don ita ta bi ƙa'idar.

Sunan ya fi aikatau ɗin yawo. Kwandasta ya ce "babu canji", ƙananan kuɗi yake nufi. 'Yan canji na Wapa a Fagge, Kano, dala da riyal suke musanya. A zaɓen 2015 kuma da jama'a ke ihun "canji!", gwamnati suke so a sauya. Saboda haka "ya yi canji" da "ya canza" ba ɗaya ba ne: na farko wataƙila daga Wapa yake, na biyu halinsa ne ko kamanninsa suka sake.

Kafin zuwan Turawa muna da sauya da sake da musanya, kuma suna nan da ransu. Sai dai baƙuwar ta kutsa har cikin karin magana. Dattawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya; jikokinsu kuwa canza suke sakawa a wuraren biyu, ba tare da sun san aro suka yi ba.